An Bar Miki Gida Bayan Saki Amma Akwai Bashi A Kansa: Wa Za A Fara Biya?

Takardar da matar ta ajiye mini a kan tebur fallen littafin 'yan makaranta ce, an ninke ta huɗu, har ta yi laushi saboda yawan buɗewa. A sama tsohon mijinta ya rubuta saki ɗaya. A ƙasa ya ƙara layi guda: "Kuma na bar mata gidan da take ciki ita da yara." Kawunta da limamin unguwa suka sa hannu. Bayan wata goma sha huɗu sai ga wasiƙar lauyan wani banki an manna a ƙyauren gidan, da sunan mijin, ana ba shi wa'adin biya ko a sa gida a gwanjo.

"Malam, gidan ga nawa na," in ji ta. "Da bakinai ya ba ni shi gaban Kawu. Mi ya haɗa ni da banki? Ko kwabonsu ban ci ba."

Gaskiyarta, ba ta ci ba. Gidan ne ya ci, tun shekara biyu kafin sakin, lokacin da maigidan ya kai satifiket ɗin gidan, wato takardar mallakarsa, banki ya karɓo jarin sayen hatsi. Na daɗe ina aikin takardun filaye a nan Gusau, kuma irin wannan zance yana zuwa fiye da yadda mutane suke zato. Saki yana raba mata da miji, amma bashin da aka ɗaura wa gida yana nan a jikin gidan duk inda ya koma. Abin da ake tambaya a kotu shi ne wa ya riga wa, kuma wa ya kammala nasa. Ga yadda za ki bi lamarin, ke ko waliyyinki, tun kafin a zo ga manna takarda a ƙofa.

Da farko: da wane suna gidan ya zo hannunki?

A shari'ar Musulunci ba a raba dukiyar miji biyu saboda an yi saki. Nasa nasa ne, naki naki ne. Saboda haka idan gida ya tashi daga hannunsa ya dawo naki, dole akwai dalilin da ya kawo shi, kuma dalilin ne ke nuna ƙarfinki a gaban masu bin sa bashi.

Kalmar nan "na bar mata" ita ce ta fi ba ni ciwon kai. Na bar mata ta mallaka? Na bar mata ta zauna har yara su girma? Na bar mata har ta gama idda? Duk ukun ana faɗar su da baki ɗaya. Mutumin da ya rubuta cikin kunyar surukai, ranar da bashi ya shaƙe shi zai iya cewa ai zama kawai ya nufa. In zama ne kawai, ba ki da mallaka, kuma masu bashi suna kallon gidan a matsayin nasa.

In kyauta ce, ko mut'a, wato abin da mai saki ke bayarwa don sanyaya zuciya, to kin samu ba tare da kin biya komai ba. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, mut'a abin so ce, ba a tilasta miji a kanta, don haka hukuncinta kusa yake da na kyauta. Ita ce hanya mafi rauni idan bashi ya yi wa mai bayarwa katutu, domin malamai sun ce wanda bashi ya kewaye dukiyarsa, masu binsa suna da ikon hana shi kyauta. Ba a alheri da kuɗin mutane.

In kuwa kina bin sa ne, ko sauran sadaki, ko zinarenki da ya sayar ya zuba a kasuwa, ko gadonki da kika ranta masa aka yi rufin gidan, sai ya ba ki gidan a madadin kuɗin, wannan ciniki ne. Malaman fiƙihu suna kiransa tasyiri, kuma sun sa masa sharaɗi biyu: a san adadin bashin, a kuma miƙa kadarar nan take ba tare da jinkiri ba. Wannan ya fi kyauta ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai dai ki shirya hujja, saboda idan mutumin da bashi ya ci ya tashi ya ce matarsa ma tana bin sa miliyan kaza, sauran masu bashi za su ce baki aka haɗa, kuma shari'a ta ba su damar tuhumar irin wannan iƙirari. Rasit ɗin maƙerin zinare, saƙon banki na ranar da kika tura, shaidun rabon gado, duk ki tattaro.

Abin yi a nan: a sake rubuta takarda ta daban, ba a gindin takardar saki ba. A faɗi kalmar mallaka ƙarara, a faɗi dalili, a kwatanta gidan da lambar fili da maƙwabtansa gabas da yamma, kudu da arewa, a sa kwanan wata, shaidu maza biyu adilai su sa hannu. In ana gaban alƙali ne, a nemi ya shigar da sulhun cikin hukuncinsa. Amma ki sani hukuncin da aka yi tsakaninki da mijinki bai ɗaure bankin da ba a kira shi zaman ba.

Na biyu: ina asalin takardar gidan?

Wannan tambaya guda ta isa ta tona rabin matsala. Asali nake nufi, ba hoto ba. Idan ya ce yana wurin wani amininsa, ko ya ɓace a ƙaura, ko zai kawo bayan Sallah, ki ɗauka yana hannun wani mai bin bashi har sai kin ga akasin haka da idonki.

In gidan yana da satifiket ɗin gwamna, lauya zai rubuta neman bincike a ofishin rajistar filaye na jiha. A Zamfara akwai hukumar ZAGIS da ke riƙe da bayanan filaye. Ana biyan kuɗin bincike, a buɗe fayil, a ga sunan mai shi, a ga ko an yi rajistar jingina, da ranar da aka yi ta, da kuɗin harajin fili da ya taru ba a biya ba. In gidan da sunan kamfaninsa yake, sai an leƙa Hukumar Rajistar Kamfanoni ma, don dokar kamfanoni ta 2020 ta ce a yi rajistar jinginar kamfani a can cikin kwana 90. Kuma gidan kamfani ba nasa ba ne da zai bayar da baki.

Yawancin gidajenmu dai, daga Tudun Wada zuwa Birnin Ruwa, balle a Tsafe ko Bunguɗu ko Talatar Mafara, ba su da satifiket. Takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa, ko takardar rabon fili ta ƙaramar hukuma. A nan binciken da ƙafa ake yinsa. A tambayi mai unguwa, a tambayi dillalin da ya haɗa cinikin farko, a tambayi wanda ya sayar ko an gama biyansa. In akwai shaguna a jikin gidan, a tambayi 'yan haya wa suke kai wa kuɗi. Na taɓa ganin inda mai shagon ɗinki ne ya fallasa cewa shekara guda ke nan wani Alhaji yake karɓar haya a madadin bashi. Sannan a leƙa rajistar Babbar Kotun Jiha da kotunan shari'a na yankin a ji ko akwai ƙarar da aka shigar a kansa.

In gidan gado ne da ba a raba ba, a tsaya nan. Bashin mamaci da rabon sauran magada suna gaba da duk abin da zai ba ki.

Na uku: raba masu bin bashin gida-gida

Ba duk mai cewa "ina bin sa" ne yake da hannu a kan gida ba. Ki ɗauki takarda ki jera su, kowa da adadinsa da ranarsa da hujjarsa.

A sahun gaba akwai mai cikakkiyar jingina: an rubuta yarjejeniya, gwamna ya amince, an buga hatimi, an yi rajista. Yawanci banki ne, ko bankin ba da lamunin gidaje ga ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 na albashi a asusun gidaje na ƙasa. Idan jinginarsa ta riga ki, ya riga ki, babu wata dabara. In masu rajista biyu ne, dokar rajistar filaye ta ce ranar rajista ake dubawa, ba ranar da aka sa hannu ba.

Bayansa akwai wanda aka danƙa wa asalin satifiket a matsayin jingina amma ba a yi rajista ba. A fayil ba za ki gan shi ba, shi ya sa na nace a kan asalin takarda. Babbar Kotu tana ɗaukar wannan a matsayin jingina, ko da ba ta kai ta farko ƙarfi ba, kuma mai ita ba ya sayar da gida sai da izinin kotu. Wanda ya sayi gida da kuɗinsa, ya kammala takardu, bai san da ita ba kuma babu abin da ya isa ya sa shi zargi, yana iya tsira. Wanda aka ba kyauta ba ya tsira. Wanda kuma aka ce masa takarda ba ta kusa bai bincika ba, kotu tana ɗaukarsa kamar ya sani.

A nan hanyoyi biyu, ta Babbar Kotu da ta fiƙihu, suka ɗan rabu, kuma ya kamata ki san haka. A fiƙihun Malikiyya jingina ba ta cika sai da hauzi, wato mai bin bashi ya karɓi abin a hannunsa ko a hannun amintaccen da suka yarda da shi, kamar yadda aya ta 283 ta Suratul Baƙara ta ambaci jingina abar karɓa. In bai karɓa ba har mai gida ya tsiyace ko ya rasu, ya koma sahun sauran masu bashi. Mutumin da ya riƙe takarda kawai alhali mai gida na kwance cikin abinsa, matsayinsa a gaban alƙalin shari'a bai kai yadda yake a Babbar Kotu ba. Saboda haka kotun da za ta saurari maganar ba ƙaramin abu ba ce. Dokar Amfani da Filaye ta 1978, a sashe na 39, ta ba Babbar Kotu ita kaɗai hurumin shari'ar filin da ke da takardar gwamna. Maganar saki da kyauta da gado kuwa ta kotunan shari'a ce, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, bisa sashe na 277 na tsarin mulki. Sau da yawa gida ɗaya sai ya ja mutum kotu biyu.

Sai wanda ya sayar da filin ko gidan ba a gama biyansa ba. Shi ma yana da riƙo a kan kadarar gwargwadon sauran kuɗinsa, kuma a fiƙihu wanda ya tarar da kayansa a hannun wanda aka yanke wa hukuncin tsiyacewa ya fi kowa cancantar ɗaukar abinsa.

Na ƙarshe su ne masu bashin baki da na rasit: mai siminti, abokin kasuwa, mai adashe. Waɗannan mutumin suke bi, ba gidan ba. Ko sun kai shi kotu sun yi nasara, hukuncin kuɗi shi kaɗai bai ɗaura musu gida ba. Dokar zartar da hukunci, a sashe na 44, ta ce sai an fara neman kayansa masu motsi, mota da kaya da kuɗi, in ba su isa ba sannan a nemi izinin Babbar Kotu a kama gida. Daga ranar da aka kama shi ne hannunsu ya hau. Kuma abin da ya mallaka a ranar kawai za su kama. In gidan ya riga ya zama naki da gaske, sun makara.

Na huɗu: hauzi, inda mata da yawa ke faɗuwa

"Da gaske" ɗin nan ita ce maganar. Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukanmu, ta faɗa a sarari cewa kyauta da sadaka ba sa cika sai da hauzi. Idan mai kyauta ya rasu, ko bashi ya kewaye shi, kafin wanda aka ba ya karɓa, kyautar ta rushe. Kada a rikita wannan da ɗaya hauzin da ake ji a shari'ar gona, na wanda ya shekara goma yana riƙe da wuri mai shi na gani bai yi magana ba. Wannan na karɓar kyauta ne.

To ke da kike cikin gidan tun ranar da aka kawo ki amarya, yaya za a gane kin karɓa? Malaman Malikiyya sun yi maganar nan tun tuni. Suka ce in mace ta ba mijinta gidan da suke zaune ciki, zamansu tare bai ɓata kyautar ba. In miji ne ya ba matarsa, kuma ya ci gaba da zama a ciki, ba ta yi hauzi ba, domin zaman gida ga miji ake jingina shi. Sai ya kwashe nasa ya fita.

Ga inda abin yake da santsi. A sakin kome kina idda a ɗakinki, kamar yadda farkon Suratuɗ Ɗalaƙ ta yi umarni kada a fitar da ku kuma kada ku fita. Zamanki na wannan lokaci haƙƙin idda ne, ba shaidar mallaka ba. Shi kuma sau da yawa turakarsa na nan a kulle da kayansa, buhunan gero na cikin sito, in ma akwai abokiyar zama tana ɗaya sashen. Mai bin bashi zai kawo maƙwabta su ce har bayan Sallar layya suna ganin motarsa a ƙofar gida. Shi ke nan an raunana ki.

Don haka a yi hauzin a bayyane. A sa rana, a kira shaidun nan biyu da mai unguwa, su gani da idonsu an fitar da kayansa, ya miƙa makullai, an canza kwaɗo. Shaidar da ta ce "mun ji ya ce ya ba ta" ba ta kai wadda ta ce "muna tsaye ya fita" ba. A rubuta abin da aka gani da kwanan wata, a ɗauki hoto. 'Yan haya a sanar da su a rubuce cewa daga yau ke za su riƙa biya, ki kuma riƙa ba su rasit da sunanki. Takardar wuta da ta ruwa a juya su. In sashe ɗaya aka ba ki, a ja katanga ko a fitar da ƙofa. Na san mutane za su ce wannan tonon asiri ne, ana cikin baƙin cikin rabuwa kuma a tara jama'a. Na fi son ki sha kunyar yini ɗaya da ki sha ta ranar gwanjo.

Wata magana a gefe, don maza. Akwai masu ganin bashi ya taso sai su shirya sakin bogi, a rubuta wa uwargida gida, in ƙura ta lafa a mayar da aure. Alƙalai sun san wannan wasa. Alamominsa ba sa ɓuya: an bayar bayan an shigar da ƙara, an bayar da duk abin da aka mallaka, an yi a ɓoye, mai bayarwa bai motsa daga gidan ba. Babbar Kotu tana da ikon warware kyautar da aka yi don guje wa masu bashi, tun daga wata tsohuwar dokar Ingila ta 1571 da muka gada. Saki kuma ba a wasa da shi, ko da wasa aka furta ya auku. Sai mutum ya tashi ba gida, igiya ɗaya kuma ta tafi.

Na biyar: sa hannun gwamna da rajista

Hauzi ya gyara miki ɓangaren shari'a, saura ɓangaren hukuma. Dokar 1978 ta damƙa duk filayen jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke da shi izinin zama ne, yawanci na shekara 99. Sashe na 22 ya hana mai takardar gwamna ya sayar, ya jinginar ko ya mayar wa wani ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi saɓanin haka banza ne. Filin karkara mai takardar gargajiya, amincewar ƙaramar hukuma ake nema bisa sashe na 21.

Lauya zai rubuta takardar mayar da mallaka, tsohon mijin ya sa hannu a kanta da kuma takardar neman amincewa, domin a doka shi ne mai nema. Wannan sa hannun a karɓe shi tun ana ganin juna, tun kawunnai na zaune. Bayan wata shida, in ya yi sabon aure ko ya koma Abuja, kiran waya ma sai an yi sa'a. Daga nan a biya bashin harajin fili, a biya kuɗin amincewa da na hatimi, a yi rajista. Yana ɗaukar lokaci, don haka ranar da aka shigar da takardu lauya ya ajiye wasiƙar gargaɗi a fayil cewa kina da haƙƙi a wannan gida. Wasiƙar ba ta ba ki mallaka, amma duk wanda ya zo bincike daga baya ba zai ce bai sani ba.

Za ki ji wani ya ce ai in bankin ma bai samu amincewar gwamna ba jinginarsa ta rushe. Akwai asalin maganar: a 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jingina saboda haka a shari'ar bankin Savannah da Ajilo. A duba, ba laifi. Amma kada ki gina rayuwar 'ya'yanki a kan wannan, don kotuna daga baya sun nuna ba sa son mutum ya ci kuɗi sannan ya fake da laifin da shi ne ya kamata ya gyara.

Na shida: yi lissafi kafin ki yi murna

Ga misali, alƙaluman nawa ne don a gane. Gida ya yi kuɗi naira miliyan 30, amma a gwanjo ya tashi a miliyan 24, don gwanjo ba ya kai farashin kasuwa. Kuɗin sayarwa da na lauya miliyan 1. Banki mai rajista yana bin miliyan 14. Saura miliyan 9.

In mallakarki ta kammala kafin kowa ya kama gidan, kuma ba a warware ta ba, miliyan 9 ɗin naki ne, sauran masu bashi su bi shi can. In kyauta ce da ba a yi hauzi ba, miliyan 9 ɗin nasa ne, wato na masu binsa. A ce ɗan kasuwar hatsi na bin miliyan 10, mai siminti miliyan 6, ke kuma kina da sauran sadaki da rance na miliyan 2. Jimla 18. Idan alƙalin shari'a ya yi rabon tsiyacewa, kowa zai samu rabin abin da yake bi: 5, da 3, ke kuma miliyan 1. Sadakinki bashi ne na gaskiya, kina shiga rabo da shi, amma ba ya tsallake layi. A Babbar Kotu kuwa wanda ya riga neman takardar kamu shi ke gaba, mai jinkiri yana iya tashi hannu rabbana. Tsakanin miliyan 9 da miliyan 1, bambancin makulli ne da shaidu biyu da sa hannu.

Wani lokaci lissafin zai nuna bashin ya haura kuɗin gidan. A nan shawarata ki ƙi karɓa. Ki nemi fili mara nauyi ko kuɗi a hannu ko da bai kai ba.

Na bakwai: zama da banki

In jingina ta riga ki amma kina son gidan, kada ki ɓuya. Ku je tare da shi, ko da wasiƙar izininsa, don banki ba ya buɗe wa wani asusun wani. A karɓi adadin bashin a rubuce. Sannan ɗaya cikin uku: ya biya a saki gidan kafin a mayar miki, ko ya musanya wa banki wata kadara, ko ki karɓa da nauyinsa bisa yardar banki, a rubuta wa zai riƙa biya da abin da zai faru in ya daina. Ta farko ta fi. Ta ukun tana nufin barcinki na hannun mutumin da kuka rabu.

Ki kula da abin da za a miƙo miki ki sa wa hannu. Muddin ba ki tsaya masa ba, a ɓangarenki gidan kawai banki zai iya bi. Ranar da kika sa hannu a matsayin mai tsaya masa, an shigo da albashinki da sauran kayanki. In an gama biya kuma, a karɓi asalin satifiket tare da takardar sakin jingina, a kai ta rajista. Na ga gidan da aka gama biya shekaru, amma a fayil har yanzu yana ɗaure.

Ga waɗanda suka yi auren rajista, kamar wasu 'yan'uwanmu Kirista a Sabon Gari, dokar aure ta 1970 a sashe na 72 ta ba Babbar Kotu ikon mallaka wa ɗaya kadarar ɗaya. Ko a nan abin da mutum ya mallaka kawai ake rabawa, jinginar da ta gabata tana nan daram.

In an riga an manna takarda

Ki duba wa ya aiko. In ma'aikatan kotu ne suka zo kama gidan saboda bashin da ba na jingina ba, ki kai da'awarki a rubuce ga rajistaran kotun nan da nan cewa gidan naki ne, ba na wanda ake bi ba. Kotu za ta tsaya ta saurari wannan tukuna. In har an sayar, sashe na 47 na dokar zartar da hukunci ya ba da kwana 21 kacal a nemi soke cinikin saboda kuskure a yadda aka yi shi.

In banki ne mai cikakkiyar jingina, ba ya buƙatar kotu kafin ya sayar. Dokar mayar da kadara ta Ingila ta 1881 da jihohin Arewa suka gada ta ce sai an ba da sanarwa wata uku sun wuce ba a biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata biyu a baya, ko an karya wani sharaɗi, amma yawancin yarjejeniyoyin banki suna rage wannan wa'adi, don haka a karanta tasu. Abin da ya fi amfani a wannan gaɓa shi ne a roƙi banki ya bari ku nemo mai saye da kanku a farashin kasuwa, ko a sake tsara biya.

Haka muka yi da matar nan mai fallen takarda. Da aka karɓo lissafi, abin da ya rage bai kai yadda take tsoro ba. Kawunta ya tara dangin mijin, wansa ya ce, "Ɗiyanmu na ciki, ba mu bari a kai su titi." Suka sayar da wata gonarsa ta bakin hanyar Ƙaura, ita kuma ta cika da kuɗin shanunta biyu, aka rubuta cikon a matsayin kuɗin da ta biya a kan gidan, ba taimako ba. Mijin ya zo ya kwashe buhunan da suka rage a sito a gaban mai unguwa, ya sa hannu a takardar mayar da mallaka. Satifiket na wurin kawun yanzu, takardar sakin jingina ta shiga rajista, neman amincewar gwamna kuma yana kan hanya. Duk ƙarshen wata takan aiko babban ɗanta ya tambaya ko fayil ya fito.